Yaro ɗaya, hukumomi biyar: wa ke riƙe da fayil, kuma wane bayani ake bayarwa?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aikin kare yara ce. Idan aka kawo rahoton an ci zarafin yaro, aƙalla hukumomi biyar ne ke shiga maganar: ofishin walwalar yara, 'yan sanda, asibiti, makaranta, da ofishin mai gabatar da ƙara. Wani lokaci har da ƙungiyar da ke ba da mafaka. Kowa da fom ɗinsa, da rijistarsa, da shugaban da yake kai wa rahoto. Sai ka ga asibiti ya san wani abu, makaranta ta san wani abu dabam, ba wanda ya haɗa biyun. Yaron kuma ana ta yi masa tambaya ɗaya daga wannan ofis zuwa wancan har ya gaji ya kama bakinsa.

Idan za a rubuta yarjejeniyar aiki tsakanin waɗannan hukumomi, me ya kamata ta ƙunsa? Wa ke jan ragama? Wane bayani ake bayarwa, wane ake riƙewa? Kuma idan aka kafa rumbun bayanai guda ɗaya a kwamfuta wanda kowa zai iya shiga, matsalar ta kau ke nan? Abin da za a iya aiwatarwa nake nema, ba dogon turanci ba.

Ma'aikaciyar_Walwala:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye maganar kwamfuta tukuna. Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen miƙa batu daga hannu zuwa hannu. Malamin makaranta ya buga waya ya faɗa, ya ɗauka ya sauke nauyi. Wanda ya ɗauki wayar ya rubuta a takarda ya ajiye wa wanda ba ya ofis ranar. Kowa ya ɗauka wani yana aiki a kai, yaron kuwa yana gidan da ake dukansa.

Don haka layin farko na yarjejeniyar ya zama wannan: ba a gama miƙa batu ba sai wanda aka miƙa wa ya amsa a rubuce cewa ya karɓa, ya ba da lambar fayil, ya faɗi sunan ma'aikacin da aka ɗora wa. Wanda ya kai rahoto ta waya ya bi shi da rubutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan bai ji amsa ba, alhakin bibiya yana wuyansa. A Ingila ƙa'idar ita ce ofishin walwala ya yanke shawarar matakin da zai ɗauka cikin kwanan aiki ɗaya da samun rahoto, ya kuma sanar da wanda ya kawo shi. Ba dole ku kwafi adadin ba, amma dole a samu adadi. Kalmar "nan ba da daɗewa ba" kada ta shiga yarjejeniya ko sau ɗaya.

Na biyu, kowane yaro ya samu mutum ɗaya, da sunansa, mai riƙe da fayil. Mutum nake nufi, ba sashe ba. Yawanci ma'aikacin walwala ne, domin shi aikinsa ba ya ƙarewa ko da an rufe binciken laifi. Idan ya tafi hutu ko aka canza masa wurin aiki, a rubuta wanda ya gaje shi, a sanar da sauran hukumomin a ranar.

Na uku shi ne zaman tsara mataki. Idan ana zargin mummunan lahani, walwala da 'yan sanda da lafiya su yi magana a ranar, ko da ta waya ne na minti ashirin, kafin kowa ya taka ƙofar gidan. A wannan zaman ake amsa: yaron zai kwana lafiya yau? Akwai ƙanne ko wasu yara a gidan? Wa zai fara ganin yaron, a ina? Yaushe likita zai duba shi? Me za a gaya wa iyaye, wa zai gaya musu? Kowace amsa ta fito da suna da lokaci. Rashin wannan zaman ne ke sa ma'aikacin walwala ya je gida da safe da kyakkyawar niyya, wanda ake zargi ya farga ya goge wayarsa ya koya wa yaron abin da zai faɗa. Ko 'yan sanda su kama mutum da dare ba su sanar da kowa ba, a bar yaron a hannun dangin da ke ganin shi ya jawo musu abin kunya.

Abin da nake ganin an fi rainawa shi ne jadawalin abubuwan da suka faru. Shafi ɗaya ko biyu ne: kwanan wata, abin da ya faru, wanda ya gani, matakin da aka ɗauka. Kowace hukuma ta rubuta nata, mai riƙe da fayil ya haɗe su bisa jerin kwanaki. Fashin makaranta na kwana uku ba komai ba ne. Zuwa asibiti da ƙuna a hannu yana iya zama tsautsayi. Maƙwabci ya kira 'yan sanda saboda ihu, ya wuce. Amma idan ukun suka faɗo cikin mako guda, sannan suka sake faɗowa bayan wata biyu, magana ta canza.

Wanda yake son ganin abin da rashin haka ke haifarwa ya duba shari'ar Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 da aka kawo daga Kwaddibuwa, ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta. Ofisoshin walwala da yawa sun san da ita, asibitoci biyu sun kwantar da ita, 'yan sanda ma sun san da ita. Binciken Lord Laming na 2003 ya fito da shawarwari 108, kuma mafi yawan abin da ya gano ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne: ba a karanta fayil ba, ba a yi magana da yarinyar ita kaɗai cikin harshen da ta iya ba, ba a bi sawun abin da aka aika ba. An rufe fayil ɗinta a ranar da ta rasu.

Likitan_Yara:

Malama ta gama da ɓangaren tsari. Ni zan ƙara abin da sauran hukumomi suke bukatar sani game da agogon asibiti, domin jinkirin da ake samu a ofishin 'yan sanda ko na walwala a jikin yaron yake ƙarewa.

Idan fyaɗe ne, maganin kariya daga HIV dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kwana 28. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, ga yarinyar da ta fara balaga, tana aiki har zuwa awa 120. Samfuran da ake ɗauka don hujja su ma sun fi amfani cikin awa 72 ɗin farko, a ƙananan yara ma alamun sun fi saurin ɓacewa. Saboda haka yarjejeniyar ta faɗa ƙarara cewa ba a jiran takardar 'yan sanda kafin a yi wa yaro magani. Magani da farko, fom daga baya. Kuma a rubuta sunan wanda zai tabbatar yaron ya dawo, domin da yawa suna barin maganin kafin su kammala shi saboda tashin zuciya, ba wanda ya kira ya tambaya.

Sai yadda ake karanta rahoton likita, inda ake yawan samun saɓani da masu bincike. Mafi yawan yaran da aka ci zarafinsu ta hanyar lalata ba a ganin rauni a jikinsu, musamman idan an kwana biyu. Wurin yana warkewa da sauri, wasu ayyukan kuma ba sa barin tabo tun farko. Idan likita ya rubuta "ba a ga rauni ba" ya tsaya nan, ɗan sanda zai karanta "ba a yi komai ba" ya rufe fayil. Dole likita ya ƙara jimla ɗaya: rashin ganin rauni bai kore abin da yaron ya faɗa ba. Gwajin budurci kuwa ba shi da tushe a kimiyya, Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi kira a daina shi tun 2018. Kada wata hukuma ta nema, kada likita ya yi. Haka nan ba a iya faɗin ranar da aka yi duka ta kallon launin wurin da jini ya kwanta, don haka kada a matsa wa likita ya ba da kwanan wata.

A gefe guda, akwai abin da yake ƙarami a ido amma babba ne a wurinmu. Jaririn da bai fara rarrafe ba, idan aka ga tabon kwanciyar jini a jikinsa, ko guda ɗaya ne, a kira walwala a ranar. Yaro ƙasa da shekara 2 da ake zargin an doke shi ana ɗaukar hoton ƙasusuwansa gaba ɗaya, sannan a maimaita bayan kwana 11 zuwa 14, domin tsagewar haƙarƙari sau da yawa ba ta bayyana sai ta fara ɗinkewa. Wannan hoto na biyu shi ne ke yawan salwanta: asibiti ya sallama, walwala ba ta san akwai shi ba, iyaye ba su dawo ba. Ranarsa ta shiga takardar zaman tsara mataki. Kuma kada a sallami yaron da ake da shakku a kansa sai babban likita da mai riƙe da fayil sun yi magana sun amince da inda zai koma.

Game da kayan hujja: tufafi a jakar takarda, ba leda ba, domin leda na riƙe danshi ta lalata samfurin. Kowane abu da jakarsa, a liƙe, a sa hannu a kan liƙin. Duk wanda ya karɓa ya rubuta suna da rana da lokaci. Giɓi ɗaya a wannan jerin ya ishi lauyan wanda ake tuhuma.

Barista_Mai_Kare_Yara:

Ina tare da Malama da Likita, amma bari in ja birki kaɗan. Duk lokacin da aka yi maganar musayar bayanai sai a ɗauka yawanta ne alheri. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 19, ta wajabta ganowa da kai rahoto da miƙawa da bincike da magani da bibiya. Ita ce kuma a sashe na 16 ta kare sirrin yaron. Yarinyar da labarin fyaɗenta ya fita daga ofis ya zaga unguwa an cuce ta sau biyu, na biyun kuma ma'aikata ne suka yi.

Ma'aunin shi ne: me wannan mutumin yake bukatar sani don ya yi nasa aikin? Shugaban makaranta yana bukatar sanin cewa akwai shirin kariya, wato rubutattun matakan da aka tsara don kare yaron, da wanda aka hana ɗaukar yaron daga makaranta, da lambar da zai kira idan yaron bai zo ba. Ba ya bukatar rahoton likita. Mai bincike yana bukatar bayanin raunukan, ba ya bukatar tarihin lafiyar uwar gaba ɗaya. Sunan wanda ya kai rahoto kuwa a keɓe shi daga duk takardar da iyali za su iya gani.

Maganar izini ita ce ke ruɗa ma'aikata. A al'amuran tallafi na yau da kullum ana neman amincewar iyali. Idan kuwa yaro na cikin haɗarin mummunan lahani, dokokin kare bayanai, har da na Tarayyar Turai mai tsauri da ya fara aiki a 2018, ba su sa izini ya zama hanya ɗaya tilo ba. Kada ka nemi izinin da ka san ko an hana ka za ka ba da bayanin, wannan yaudara ce. Ka sanar da su cewa za ka bayar da dalilinka, sai fa idan sanarwar za ta ƙara jefa yaron cikin haɗari ko ta ɓata bincike. Shi ma yaron kada a yi masa alkawarin "ba zan gaya wa kowa ba". A ce masa: zan gaya wa waɗanda aikinsu ne su kare ka kaɗai, kuma zan faɗa maka su wane ne. Ko ka bayar ko ka riƙe, ka rubuta shawarar da dalilinta da ranar. A cikin rubutu kuma a raba abin da aka gani, da abin da aka ji daga wani, da ra'ayin ma'aikaci. Zato idan ya bi ta fayil uku sai ya koma gaskiyar da ba wanda ya san asalinta.

Rumbun bayanai, Malam, an gwada babbansa. Bayan rasuwar Victoria, Ingila ta gina ContactPoint don ya ƙunshi yaran ƙasar kusan miliyan 11, aka kashe fam miliyan 224, aka rufe shi a Agustan 2010 bayan doguwar jayayya kan tsaro da yawan masu shiga. Abin da ya fi ɗorewa shi ne zaunar da wakilan hukumomin a ɗaki ɗaya, kowa da kwamfutar hukumarsa, rahoto ya shigo kowa ya duba nasa ya faɗi abin da ya dace. Idan za ku yi rumbu, ya zama ƙarami: suna, ranar haihuwa, alamar cewa akwai shirin kariya, da wanda za a kira. Kowane mai shiga da nasa mabuɗin, na'urar tana rubuta wanda ya buɗe wane fayil, wani kuma yana duba wannan rubutun duk wata. A nemo yaro da fiye da suna ɗaya da rubutu ɗaya, domin Victoria da sunan Anna aka san ta a takardu da yawa. Hoton raunin yaro a rukunin WhatsApp na ma'aikata kuwa, a haramta shi da sunansa a cikin yarjejeniyar. Wayar hannu tana ɓata, ana ara wa yara a gida, wanda ya bar aiki kuma yana tafiya da duk abin da ke cikinta.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura maganar yawan yi wa yaro tambayoyi. Kowace hukuma cewa take dole ta ji daga bakinsa. Yaya ake yi inda babu kuɗin gina cibiya ta musamman?

Jami'in_Bincike:

Malam, ginin ba shi ne asalin abin ba. Cibiyar farko irin wannan an buɗe ta a Huntsville ta jihar Alabama a Amurka a 1985, Barnahus, wato "gidan yara", kuma a Reykjavik ta ƙasar Iceland a 1998, Afirka ta Kudu na da cibiyoyin Thuthuzela a cikin asibitoci. Abin da ya haɗa su shi ne manya ne ke zuwa wurin yaro. Yarjejeniyar Lanzarote ta 2007, wadda Majalisar Turai ta tsara don kare yara daga cin zarafi ta hanyar lalata, a sashe na 35, ta nemi a taƙaita yawan tattaunawar, mutum ɗaya ya yi ta idan zai yiwu, a kuma naɗa ta a bidiyo. Ɗaki biyu da kyamara ɗaya da makirfo mai kyau sun isa a fara. Makirfon ya fi kyamarar muhimmanci, domin yara ƙasa-ƙasa suke magana.

Kafin a shigo da yaron, hukumomin su zauna minti goma sha biyar kowa ya faɗi abin da yake bukatar sani. Wanda aka horar shi kaɗai ke shiga, ba kaki, sauran suna kallo daga ɗayan ɗakin. Kafin a rufe sai ya fito ya tambaye su ko akwai saura. Tsarin tattaunawa da yaro na NICHD, cibiyar binciken lafiyar yara ta Amurka, wanda aka fi yin bincike a kansa, yana farawa da sabo da ƙa'idoji: idan ba ka sani ba ka ce ban sani ba, idan na yi kuskure ka gyara mini. Sannan buɗaɗɗiyar tambaya, "gaya mini duk abin da ya faru daga farko har ƙarshe". Ba a ambaton sunan wanda ake zargi kafin yaron ya ambata. Tafinta, idan ana bukata, kada ya zama ɗan gida.

Inda ake ɓata shari'a tun kafin ta iso gare mu shi ne wurin wanda yaron ya fara gaya wa. Malami ko nas ya yi tambayar da za ta nuna masa ko akwai haɗari yanzu, ya tsaya. Ya rubuta kalmomin yaron yadda ya faɗe su, da tambayar da shi ya yi, da lokaci. Kada ya kira abokin aiki ya ce "sake faɗa masa". Kowane maimaici yana kawo ɗan bambanci, a kotu kuma da wannan bambancin ake rusa shaidar yaro. Kafin ku sayi kyamara, ku zauna da mai gabatar da ƙara ku tabbatar dokar ƙasarku ta yarda a karɓi bidiyon a matsayin shaida, da sharuɗɗan da ta gindaya.

Wani abu da mu masu bincike muke yawan mantawa: idan aka ba da belin wanda ake zargi, ko aka janye tuhuma, a sanar da mai riƙe da fayil kafin mutumin ya fita. Rashin isasshiyar hujja a kotu ba ya nufin yaron ya tsira, ma'aunin kotu dabam, na kariya dabam.

Ma'aikaciyar_Walwala:

Yallaɓai ya tuna mini abu biyu da ban faɗa ba. Yarjejeniyar ta tanadi abin da za a yi idan aka saɓa. Likita ya ce kada yaro ya koma gida, walwala ta ce ya koma: ma'aikatan biyu su yi magana a ranar, idan ba su daidaita ba shugabanninsu su yi cikin awa 24, daga nan sai manyan daraktoci. Har a warware, matakin da ya fi kare yaron shi ke aiki. Ba hukumar da za ta rufe nata ɓangaren sai ta sanar da sauran a rubuce.

Na biyu, iyalin da ya ƙaura. Wanda yake gudun bincike yakan canza gari da makaranta da asibiti. Tsohon ofis ne ke riƙe da alhaki har sabon ya amsa a rubuce cewa ya karɓa kuma wani ya ga yaron da idonsa. A Ingila ana sake duba shirin kariya cikin wata 3 na farko, daga nan duk wata 6. Ku ma ku sa ranakun, sannan duk wata uku ku zaro fayil goma ba tare da zaɓe ba, wakilan hukumomin su karanta tare, su ƙirga nawa ne aka amsa a kan lokaci, nawa ne aka yi zaman tsara mataki a ranar, da sau nawa aka yi wa kowane yaro tambayoyi.